Ruwan Kaka Stoyanka

Tun da aka sa Tsvetelina a ajin Asabar na haziƙan lissafi a birnin Plovdiv, ba mai yin magana a gidansu ba ta ce "Ina hujja?" ba. Har al'adar kakarta Stoyanka ta watsa ruwa a gaban mai fita jarrabawa, don komai ya tafi sumul, ba ta tsira ba.

"Camfi ne kawai, Kaka!"

Ranar gasar lissafi ta ƙasa, tsohuwa ta yi zamanta tana gasa tattasai. Mota na jira, amma Tsvetelina ta ƙame a bakin ƙofa da jakarta.

"Me kuma kike jira, uwar 'yan boko?"

"Kaka... ruwan."

"Ina hujja?" in ji tsohuwa, tana jawo kofin da ta cika tun asuba ta ɓoye a bayan kujera.