Baƙin Dutsen Kufai

Mahfuzu ya iso ƙauyensu na bakin tabki da hantsi, cikin motar ofis, tare da shugabarsa Madam Raihana. Daga Yamai suka zo taro a garin Keita, ita kuma ta ce ba za ta koma ba sai ta ga kufan mutanen da, wanda ke bisa tudu bayan garin.

Babu wanda ya san kufan kamar Yelwa, ƙanwar uban Mahfuzu, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsa. Ya iske ta tana shanya kifi. Tun ba ta gama murna ba ya ja ta gefe.

"Gwaggo, gaban baƙuwata kada ki ce kin san ni. Na gaya mata ni ɗan cikin birnin Tawa ne."

Yelwa ta goge hannu a zanenta. "To, ɗana."

Suka hau tudun. Ta nuna musu ragowar ganuwar duwatsu, da rumbunan da aka gina cikin kogo zamanin yaƙi. Daga ƙarshe ta kai su wurin wani baƙin dutse mai kwarmi, inda kakanni ke yanka idan damina ta yi jinkiri.

Madam Raihana ta ɗaga wayarta. "Iya, gwada mana yadda ake yi."

"Ban taɓa yi ba, ɗiyata. Ubana ya bari tun ina ƙarama. Salla nika yi."

Mahfuzu ya yi dariya. "Tsohuwa, bar ɓoye-ɓoye. Duk mutanen nan matsafa ne. Durƙusa ki yi."

Bai taɓa ce mata tsohuwa ba. Ta dube shi, ya kau da ido, ya miƙa mata gorar ruwa. Ta durƙusa a kan tsakuwa ta zuba ruwan cikin kwarmin, leɓenta na motsi. Istigfari take yi. Ya sa ta sake har sau uku, wai rana ta ɓata hoton.

Da aka gama, gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta. Su kuwa suka yi gaba, Madam na son cin soyayyen kifi a bakin ruwa. Da jan gindi Yelwa ta sauko, la'asar ta yi, ta iske motar ta tafi.

Kwana biyu bayan haka hoton ya shiga wayoyin garin, da rubutun Mahfuzu a ƙasa: matsafiyar ƙasar Adar ta ƙarshe. Masu sayen kifinta suka ɗauke ƙafa. A makarantar mata, aka janye tabarma daga kusa da ita.

Ta roƙi maƙwabcinta Yunusa ya kira mata Mahfuzu a waya.

"Gwaggo, ai wasa ne," in ji Mahfuzu. "Madam ta ji daɗi ƙwarai. Wata mai zuwa za mu dawo da wasu baƙi, ki nemi jar kaza."

Ya kashe. Yelwa ta miƙa wa Yunusa wayarsa. Sai da ya goge ta da bakin rigarsa, sannan ya sa aljihu.