Abin da Hoyt Ya Gani Daga Kan Tudu

Mijina Hoyt ba mai zama wuri ɗaya ba ne ko a ranakun da babu komai, balle makon tsere. Tun Laraba ya fito da turaku da igiya ya shata layuka a filinmu na gaban gida, kamar yadda yake yi tun 'yarmu Twyla tana rarrafe. Ya yanke ciyawa da safe, da yamma ya sake bin ta da inji. Na leƙo ta taga na ce, "Tsoho, ciyawar nan ba ta ƙara tsawo daga safe zuwa yanzu ba." Ya ce in ji da tukunyata.

Gidanmu yana bakin hanyar da ke zuwa babban filin tseren motoci na Coker Gap, tudu ɗaya da ɗan kurmi ne tsakaninmu da shi. Da can, idan tsere ya zo, kowa a layinmu yakan buɗe farfajiyarsa a ajiye motoci. Namu filin ya fi na kowa faɗi. Tun Alhamis yake cika, har sai Hoyt ya tsaya a bakin titi yana ba mutane haƙuri. Ni kuwa in soya kaji, in dafa wake, in cika manyan tuluna da shayi mai sanyi, mutanen jihohi daban-daban suna shiga banɗakina kamar gidan ubansu. Ban taɓa jin haushi ba. To, na ɗan ji, amma ba sosai ba.

Sai abin ya fara raguwa, ba a rana ɗaya ba. Bana layin baya bai cika ba, baɗi layi biyu. Wanda yake zuwa da iyalinsa duka ya koma zuwa shi kaɗai, daga baya sai kati ya aiko lokacin Kirsimeti. Maƙwabta suka daina fito da allunansu. Hoyt kaɗai ya rage yana kaɗa tuta a bakin titi.

A wannan bazarar wani mutum mai suna Ledford ya zo yana son sayen filin da gidan duka, zai gina ɗakunan ajiyar kaya na haya. Twyla ta daɗe tana so mu koma kusa da ita a Knoxville, tana da ɗaki a bayan gidanta. Ledford ya ce ranar Litinin bayan tsere yake son amsa. Twyla ta matsa wa ubanta har ya gaji, ya ce mata, "Ki ji. Idan Lyman ya zo, ba na sayarwa. Idan bai zo ba, ki kira mutumin naki."

Lyman Dudek mutumin Ohio ne, ya yi aiki a masana'antar taya har ya yi ritaya. Shi ne baƙonmu na farko tun ranar da muka fara wannan sana'a, kuma wurinsa ɗaya ne, gindin tsohuwar bishiyar tuffa. Yakan zo da babbar motarsa mai ɗaki da gado a ciki, shi da matarsa Bernice da 'ya'ya, daga baya da jikoki. A tseren kaka da ya wuce bai zo ba, shi ya sa Twyla ta yarda da sharaɗin nan da sauri.

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Hoyt ya hana kowa gindin tuffar. Ranar Asabar wasu samari suka zo suna son inuwa, ya ce musu wurin da mai shi. Suka dubi filin nan fayau, suka dube shi, suka juya motarsu suka tafi. Na ce, "Ka kori masu biya saboda wanda bai zo ba."

"Zai zo."

"Ya kira ka ne?"

"Lyman ba ya kira. Zuwa yake yi."

Abinci ma a tsaye ya ci shi. Ya zauna ya tashi, ya je bakin titi ya dawo, ya gyara igiyar da ba ta karkace ba. Ni a lokacin, gaskiya, ina tare da Twyla a raina. Gwiwoyina sun gaji da matakalar gidan nan, asibiti kuma da nisa.

Ranar Lahadi ko coci bai je ba. Na dawo na tarar Twyla ta iso, tana zaune a baranda da wayarta a kan cinya. Motocin da ke filin ba su cika layin farko ba. Hoyt yana bakin titi da hularsa, yana kaɗa wa motocin da suke wucewa tuta, su kuwa suna zarcewa, don yanzu filin ajiya na hukumar tseren ma da wuri har ya yi yawa.

"Baba, ka zo ka zauna, rana za ta kayar da kai," in ji Twyla.

"Ranar da ba ta kayar da ni ba tun kafin a haife ki?"

"A lokacin kana da gashi a kai."

Ana gab da fara tsere sai wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka ta rage gudu ta shigo. Hoyt ya nuna mata layi, ita kuwa ta wuce shi ta nufi gindin tuffa kai tsaye. Ya bi ta yana faɗa, "Malam, nan da mai shi, ba ka ga igiya ba?" Ƙofa ta buɗe, Lyman ya fito a hankali yana dafe ƙugu.

"Har yanzu bakinka bai mutu ba, Hoyt?"

Hoyt ya tsaya yana kallon motar. "Ina gidan naka? Wannan gwangwanin fa?"

"Na sayar. Mai take sha kamar ana zuba shi a rami."

Bernice ta fito ta rungume ni, ta rame kaɗan. Ta ce tun da asuba suka taso, ba su kwana a hanya ba, don otal ɗin da ke kan hanya ya ninka kuɗinsa a makon tsere, kuma sai mutum ya biya na kwanaki ko da dare ɗaya zai yi. Hoyt ya juyo ya kalli Twyla a baranda, ya gyara hularsa. Ita kuma ta kifa wayarta.

"To ku hanzarta," in ji Hoyt. "Sun kusa tayar da injuna. Ku bi ta hanyar kurmi."

Lyman ya buɗe bayan mota ya fito da kujeru biyu masu naɗewa da kular abin sha da ƙaramin rediyo. Ya shimfiɗa su a inuwa.

"Ba mu da tikiti," ya ce, yana kallon rediyon. "Mun bar kujerunmu tun bara. Yaran sun ce in ka haɗa tikitin mutum shida da mai da abinci, gara su gyara rufin gida. Ni da Bernice kuma muka duba, namu biyun ma kuɗin maganinta ne na wata. A nan za mu ji. Ai ana ji daga nan, ko?"

Bernice ta ce mini a hankali, "Mis Vernelle, tun farkon mako yake zagaya ɗaki kamar kare a keji. Na ce mu tafi kawai kafin ka huda mini kafet."

Na ce ashe ba ni kaɗai nake fama ba.

Lyman ya ciro walat zai biya kuɗin wuri, Hoyt ya ture hannunsa. Suka yi ta ja-in-ja, wannan ya ce kai tsohon banza ne, wancan ya ce kai ka fi. Na kawo kaza da burodi na raba gardamar.

Twyla ta sauko ta ja ubanta gefe, amma ina jin su.

"Baba, wannan ba zuwa tsere ba ne. Gaisuwa ya zo."

"Cewa na yi idan ya zo. Wancan wane ne a zaune? Fatalwarsa?"

"Ka san abin da nake nufi."

"Na san abin da na faɗa."

Ta ɗaga hannuwa sama ta koma baranda. Magana ta ƙare, Hoyt ya yi nasara, ni kuma na ce wa gwiwoyina su yi haƙuri.

Injuna suka tashi. Wanda bai zauna kusa da filin tsere ba ba zai gane ba, a ƙirji ake jin ƙarar kafin a kunne. Kofunan kicin ɗina suka fara kaɗawa a kan kanta. Lyman ya rufe ido yana murmushi, rediyo a kan cikinsa. Na ɗauka yanzu Hoyt zai zauna tunda ya samu abin da yake so. Ya zauna kuwa, amma kamar a kan ƙaya. Can ya miƙe, ya karkata kai wajen tudu.

"Rage rediyon nan, Lyman."

Mai sharhi a rediyo yana ta ihu cewa wani ya wuce wani a kwana. Lyman ya rage.

"Yanzu aka karɓe gaba, ko?" in ji Hoyt.

"Yanzun nan."

"To ina mutane?"

Muka kasa kunne. Injuna kawai. Da can idan aka karɓe gaba, ihun jama'a yakan taso ya rufe ƙarar motoci ya gangaro mana kamar ruwan sama a kan kwano. Ni ban lura da ranar da ya daina isowa ba, shi ma ashe bai lura ba, kullum yana can bakin titi.

Ya ajiye tutarsa a kan kujera. "Lyman, duba mini motocin nan."

Sai da na dube shi da kyau. Duk shekarun nan Hoyt bai taɓa ganin tsere da idonsa ba. Yakan ce mutum ya bar maka amanar motarsa, ba ka da ikon matsawa ko nan da can. Ya nufi kurmi, na ɗauki sandata na bi shi, ina kiransa ya jira ni, yana yi kamar bai ji ba. A tsakiyar hawan ya tsaya ya miƙo mini hannu.

"Wa ya ce ki biyo ni?"

"In ka faɗi wa zai gaya wa Twyla inda kake?"

Da can daga kan tudun ba a ganin komai sai bayan dogayen benayen kujeru, kamar katanga. Da muka kai sama muka tarar babu katangar. An rushe wannan ɓangaren gaba ɗaya, sai ƙasa ja da guntayen ƙarfe, filin kuma a buɗe a gabanmu kamar kwano. Ga motocin can ƙasa, masu launi-launi, suna bin juna. Kujerun da ke ɗaya gefen an lulluɓe na saman da manyan tampol masu tallace-tallace. A ƙasa mutane ne jefi-jefi, nan gungu, can mutum biyu, tsakaninsu layukan kujeru suna sheƙi a rana. Wani ma ya miƙe ƙafafu a kan kujerar gabansa, ya ɗora kularsa a ta gefe.

Hoyt ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu a aljihu ya fitar, ya cire hula ya mayar.

"Haka suke zagayawa kawai?" ya ce.

"Me ka ɗauka suna yi?"

"Na ɗauka ya fi haka girma."

Ya taka zuwa bakin tudun ya dawo. Ya nuna tampol ɗin da baki. "Can sama Lyman yake zama. Kullum yana faɗa mini wai daga wurinsa yana hango rufin gidanmu."

Iska tana kawo warin taya mai ƙuna.

"Vernelle, na ɗauka hukumar ce ta ƙwace mini mutane da filin ajiyarta. Na ɗauka suna can ciki suna kallon tsere."

Muka gangaro a hankali, shi a gaba yana riƙe mini rassa. Da muka fito fili Lyman ya ɗago kai ya ce babu motar da ta gudu. Hoyt ya wuce baranda.

"Twyla, ki kira mutumin. Ki ce ya zo gobe."

Ta miƙe tsaye. "Baba, ai Lyman ya zo. Kai ka faɗa."

"Na san abin da na faɗa. Ki kira shi."

Yarinyar da ta shafe watanni tana neman wannan magana sai ta tsaya riƙe da waya ta kasa dannawa. Ta dube ni, na kau da kai.

Hoyt ya koma gindin tuffa ya ɗan shuri ƙafar kujerar Lyman. "Tashi, tsoho. Ka yi tafiyar rabin yini don ka ji rediyo? Akwai inda ake gani kyauta."

"Ƙuguna ba zai hau tudu ba."

"Vernelle ma ta hau, da sanda."

Suka tafi suna gardama, Lyman rungume da rediyonsa, Hoyt ɗauke da kujeru biyun. Bernice ta ce in zauna in huta, na zauna. Ban kai ga shan shayina ba na tashi na shiga kicin. Na buɗe kabad na rufe, na buɗe na gaba. Manyan tukwanen da nake dafa wa mutane wake ko ɗaya ba za ta shiga kicin ɗin Twyla ba. Na sauke su ƙasa, na rasa inda zan ajiye, na mayar da su. Bernice ta leƙo ta tambaye ni me nake nema, na ce mata ban sani ba tukuna.