Abin da Afrakoma Ta Rasa

"Mijinki yana cin abinci?" lauyan kamfanin katakon ya tambaya, idonsa na kan fankar da ke juyi a rufin kotu.

"Yana ci," in ji Afrakoma.

"A gida yake kwana, ko? To Madam, me kika rasa?"

Tun ranar da gungume ya kuɓuce daga sarƙa ya daki ƙeyar mijinta Boadu, ita ke masa wanka, ita ke kwashe ƙazantarsa. Amma ba wannan ake tambaya ba. Lauyarta ta ce doka ta yarda a biya mace diyyar zaman daɗin da aka raba ta da shi. To ta yaya za ta gaya wa masu baƙaƙen rigunan nan cewa shi ke riƙe taɓarya tana juya fufu, yana cewa wata rana sai ya dake yatsun nan ya huta da nuni?

"Na rasa mai ba ni haushi," ta ce a hankali.

Wani ya tuntsire da dariya a baya.

* * *

Sai da kamfanin ya gaji da jan ƙafa sannan ya biya diyyar. Kafin mako ya zagayo, Wofa Ampofo, kawun Boadu, ya iso gidansu da ke bayan garin Sunyani, da samarin dangi a bayansa.

"Surukarmu, sannu da ɗawainiya. Sai dai kan da ya fashe namu ne. Daga cikin ƙanwata ya fito."

"Wofa, da sunana aka bayar."

"Au, yanzu har hira ake biya? Mu da muke hira da shi tun yana yawo tsirara fa?"

Ta nemi ƙarfin musu a jikinta, ba ta samu ba. Suka bar mata kuɗin sayen katifar roba, suka tafi da sauran. Ko leƙa ɗakin Boadu ba wanda ya yi.

* * *

Da la'asar ta jingina Boadu da bango, tana ba shi kunu da cokali. Ya haɗiye, ya dube ta cikin ladabi.

"Allah ya saka miki, baiwar Allah. In kin ga matata a kasuwa, ki ce mata ta daɗe."

"Zan gaya mata," ta ce.

Ta ɗebo wani cokalin, tana hurawa.