Kwat ɗin Tata Mlamli a Akwatin Sadaka

"Sun sake karya shi," in ji Nokwanda, tana juya kwaɗon a tafin hannunta.

Akwatin ƙarfen da ake zuba tufafin sadaka yana tsaye a bakin cocin unguwar Mlungisi da ke garin Komani, ƙofarsa a wangale. Ba abin da ya rage a ciki sai takalmi wari guda. Ita ce mai riƙe da makulli, kuma ƙungiyar agajin da ta ajiye akwatin ta gaya mata a waya cewa wannan ne gyara na ƙarshe. In aka ƙara fasawa, mota za ta zo ta ɗauke shi. Tsofaffin unguwar kuwa daga nan suke samun bargo da rigar sanyi duk watan Yuli, lokacin da sanyi ya fi tsanani a ƙasarsu.

Maƙwabcinta Tata Mlamli, wato Baba Mlamli a harshensu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana zaune a ƙofar gidansa da ke kallon cocin. Tun da ciwon ƙirji ya zaunar da shi, ya mai da gadin akwatin aikinsa.

"Sisi, ƙanwata, mai sayar da kwaɗo ya kusa gina bene da ke."

"Kai da kake gadi, Tata, ina ka shiga?"

"Numfashina nake gadi. Shi ma neman gudu yake." Ya yi tari mai tsawo, ya goge baki. "Kayan suna tasha ana gwanjonsu. An ce an ga rigar sanyin matar fasto a jikin wani kwandasta."

Ya yafito ta, ta matso.

"Samarin nan ba sa tsoron ɗan sanda, ba sa tsoron fasto. Amma kakanninsu mata sun rene su. Ranar da na tafi, ki ɗauki kwat ɗina ki jefa a ciki tun ba a wanke ba. Da rana tsaka, kowa na kallo."

Nokwanda ta ja da baya. A Komani ba a taɓa kayan mamaci sai dangi sun wanke su da ruwan ganye bayan makoki. Wanda ya sa kafin nan, duhun mutuwar ya bi shi gida.

"Mama Vuyelwa za ta cinye ni ɗanya."

"Yayata ta daɗe tana cin mutane. Ba wanda ya mutu."

Ya rasu ran wata Laraba da hantsi. Ta kai masa dambun masara da nono, ta tarar da rediyo na karanta sanarwar jana'izar wasu, shi kuma kansa ya karkata a kan matashi. Ta rufe masa ido, ta kira asibiti, ta kira yayarsa a ƙauye. Sannan ta daɗe tsaye gaban kwat ɗin da ke rataye a bayan ƙofa. Baƙi ne, mai nauyi, irin na ma'aikatan jirgi.

Ta ratsa titi da shi a hannu. Masu zaman ƙofar kanti suka bi ta da kallo. Ta tura shi ta bakin akwatin, kowa ya ji faɗuwarsa.

Daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa kwaɗon. Masu mota daga cikin gari, da ba su ji labari ba, suka ci gaba da zuba kaya har akwatin ya cika. Amma da Nokwanda ta ɗauki bargo ta kai wa Makhulu Nozuko, tsohuwar da ke kwana a ɗakin kwano, sai tsohuwar ta ɓoye hannuwanta a hamata.

"Bargon da ya kwana da kwat ɗin Mlamli? 'Yar nan, gara sanyi. Shi na san iyakarsa."

Gida gida amsar ɗaya ce. Akwati ya tsira, sanyi kuma yana nan yana cin mutane.

Bayan jana'iza Mama Vuyelwa ta zauna haɗa kayan ƙanenta, ta ga babu kwat. Ba ta aika ba, da kanta ta zo.

"Ke ce kika zubar mini da ƙane a kwandon shara?"

"Shi ya roƙe ni, Mama."

"Da ya ce ki faɗa rijiya fa?"

Nokwanda ta faɗa mata komai, har da maganar Makhulu Nozuko. Dattijuwar ta kalli akwatin ta taga.

"Mlamli wawa ne tun yana yaro," ta ce a ƙarshe. "A bakin ƙofa ake ajiye mai gadi, ba a tsakiyar ɗaki ba. Nemo mini bahuna. Duk na unguwar."

Ran Asabar aka kwashe akwatin kaf. Mama Vuyelwa ta daka ganyen da ta zo da shi daga ƙauye, ta zuba a kowane baho, ta fara wanke hannuwan Nokwanda har gwiwa kafin ta bar matan coci su tsoma kaya. Kwat ɗin da kanta ta wanke, ta ce ɗan autanta za ta kai wa.

Abu ɗaya ta ware ba ta sa masa ruwa ba: bel ɗin Mlamli na fata. Ta naɗe shi a jikin kwaɗon, ta ɗaure tam, a idon masu zaman kanti.

"Mai son karyawa ya fara kwance wannan," ta ce, yadda za su ji. Ta juyo ga Nokwanda, ta rage murya. "Ke kuma na bar miki ganye. Duk buɗewa ki wanke hannu."

Da la'asar shingen waya na gidajen layin duk ya cika da shanya, daga coci har kwanar tasha, ba mai gadi. Makhulu Nozuko ta fito da sandarta, tana bin bargunan ɗaya bayan ɗaya tana murza gefensu, ta ji wanda ya riga bushewa.