Siton Alhaji Gide

A shekarun da kuɗin fetur suka fara yawo, Alhaji Gide na Ruwan Godiya ya samu kwangilar gina kwalbati ɗaya tak. Daga nan ya gano cewa kakanninsa duk ba su waye ba. Ya sa aka rushe rumbuna ukun da ya gada, ya gina sito na siminti da rufin kwano, har da ƙwado mai sheƙi.

Matarsa Barakatu ta tsaya tana kallo ana jibge buhunan dawa da wake a dandaryar ƙasa.

"Alhaji, waken nan bai gama bushewa ba. A bari in zuba masa toka da barkono."

"Toka? A cikin siminti? Ke dai je ki ji da murhunki."

Ta tafi ta ji da murhunta. Shi kuwa ya ƙaro buhunan fulawa daga Kaduna ya ɗora a sama, ya kulle, ya rataya mabuɗi a wuya.

Bayan wata biyar ya gayyato abokansa daga Faskari da Sabuwa, da malamin gona, su zo su ga ci gaba. Barakatu ta leƙo ta jikin zana. Ana buɗe ƙofa wani warin zafi ya bugo su. Alhaji ya caka wuƙa a buhu, sai gari ya zubo, baƙaƙen ƙwari na ninƙaya a ciki. Kowace ƙwayar wake da tagarta.

Malamin gona ya tsinci wani ɗan ƙwaro mai ƙumburin ciki da dogayen ƙafafu kamar gizo-gizo, ya juya shi a tafi.

"Wannan ban saba ganinsa nan ba. Wataƙila fulawar ya biyo."

Fuskar Alhaji ta washe. "Kun ji ko? Na ƙasar waje ne! Duk faɗin Ƙanƙara wa ke da irinsa?"

Baƙi suka taya shi murna, suna toshe hanci.

Kwana tara Barakatu tana tankaɗe da rariya, bayanta kamar zai karye. Kajin unguwa ba su taɓa ganin shekara irin wannan ba. Da tuwo ya fara ɗaci, Alhaji ya aika garin Pauwa a asirce a kira Malam Mani maginin rumbu. Ɗan aike ya dawo ya ce Malam Mani ya ajiye laka, yana Kaduna yana gadin wani kamfani.

Alhaji ya dubi matarsa ya ce, "Barakatu, ke kin san yadda ake kwaɓa ƙasar rumbu?"

"Ni da murhu aka bar ni, Alhaji."