Ranar da Baba Kudu Ya Janye Maganarsa

Shekara talatin Baba Kudu ya yi yana tuƙa kwale-kwale a kogin Kwara, kafin ciwon baya ya kawo shi Minna ya kafa teburin busasshen kifi a unguwar Kpakungu. Ya san ruwa, ruwa ma ya san shi. Teku ce bai taɓa gani ba, kuma can autarsa Sharifa ta je ta liƙe. Da ta gama jami'a wata ƙungiya ta ɗauke ta aikin ƙidayar manyan dabbobin teku a gaɓar kudu. Su fita a ƙaramin jirgi mai inji, su jira, su rubuta abin da suka gani. Ta sha faɗa masa cewa babbar cikinsu ba kifi ba ce, iska take shaƙa, nono take ba ɗanta. Shi da maƙwabcinsa Jiya mai walda dai kifin Annabi Yunusa suke ce mata.

Wata Talata da hantsi ta kira shi ta bidiyo daga tsakiyar ruwa, wai ya gani da idonsa. Jiya ya ajiye aikinsa ya zo ya karɓi wayar, yana cewa hannun tsohon nan rawa yake kamar mai tankaɗe. Sharifa ta haɗa uban da mai jirgin, wani masunci da suka ɗauka a makon, ta ce masa babanta tsohon gwanin ruwa ne. Suka gaisa da Turancin buroka, mutumin har da cire hula.

Da fari abin dariya ne. Wasu masu dogon baki, da ta ce dolfin ake ce musu, suna ta tsalle a gefen jirgin. Jiya ya ce guda ɗaya ya isa ya cika teburin Kudu har sallah. Kudu bai yi dariya ba. Ƙanƙantar jirgin yake kallo, da kuma rashin gaɓa ko ta ina.

Sai wani huci ya fito ta wayar, kamar an sace iskar tayar tirela. Wani baƙin baya ya taso, ya yi ta tasowa bai ƙare ba, a gefensa kuma wani ƙarami wanda shi kansa ya kusa tsawon jirgin. Sharifa ta rage murya ta ce uwa ce da ɗanta, ta sa mai jirgin ya kashe inji. Dabbobin suka nutse.

Uwa da ɗa. Kudu ya taɓa ganin abin da dorina mai ɗa ta yi wa kwale-kwalen ƙaninsa, kuma shi ya tsamo gawar ƙanin. Yana cikin wannan tunani ya hango wuri guda kusa da jirgin inda ruwa ya kwanta luf, faɗin tabarma uku, sumul kamar an zuba mai, alhali ko'ina igiya ce. A kogi ya san fassarar wannan. Abu ne a ƙasa, kuma tasowa yake.

Bai san lokacin da ya fizge wayar daga hannun Jiya ba. Ya daka wa mai jirgin tsawa da muryar da ya daina amfani da ita tun barinsa kogi, ya ce ya tada inji yanzu-yanzu su bar wurin. Mutumin dama a tsorace yake. Jin babba a sana'a ya yi magana, sai ya kai hannu ga igiyar injin.

Hoton ya karkace. Kudu ya ga sama, ya ga ƙafa, sannan fuskar 'yarsa ta cika wayar. Da Nufanci ta yi magana, yaren da take masa in abu ya kai maƙura.

"Baba, ɗan yana ƙarƙashinmu. In farfelar injin ta yanke shi, uwar za ta juyo. Ba ya jin maganata, taka yake ji. Ka hana shi."

Kudu ya ce ruwan fa ya kwanta, ita ba ta gani ba ne? Ta ce ta gani, sawun jelar uwar ne, inda ta riga ta wuce. A bayanta yana hango mai jirgin ya naɗe igiyar a hannu, ya tsaya yana jiran wayar.

Duk abin da Kudu ya sani a duniya yana ce masa a gudu. Yarinyar da ke ce masa a tsaya kuwa ko kwale-kwale ba ta taɓa tuƙawa ba, a takarda ta koyi ruwa. In ta yi kuskure, yana kallo za a kife da ita, yana nan zaune tsakanin kwandon kifi da kwata. In shi ne ya yi kuskure, da bakinsa ya kashe ta. Jiya na gefe yana ta salati, ba tsokana yanzu.

"Ɗan'uwa," in ji Kudu da buroka, "saki igiyar. Ban san wannan ruwan ba. Ita ta sani."

Mutumin ya saki.

Sharifa ta juya wayar ƙasa. Wani duhu ya shigo ƙarƙashin jirgin, mai faɗi, da fari-fari a gefensa, yana tafiya a hankali kamar ba zai ƙare ba. Jirgin ya ɗaga, ya karkata, wani ya yi ƙara. Kudu ya kasa ko addu'a. Sannan ruwan ya koma shuɗi. Can nesa huci biyu suka tashi, babba da ƙarami.

Wata mata ta zo tayin kifi, Jiya ya sallame ta. Da Sharifa ta dawo kan wayar tana share fuska, ta ce gobe ma za su fita, don yanzu ne lokacin wucewarsu. Kudu ya ce kada ta sake kiransa daga kan ruwa, shi ba zai iya ba. Ta ce to, Baba.

Har za ta kashe ya ce ta dakata.

"Ki kira. Amma in kun sauka gaɓa."