Giga Ɗari Biyu da Goma

Sau uku ke nan kwamfutar tana kaiwa kashi casa'in da uku, sai ta tsaya cak, ta rubuto mini wai babu wuri. Bidiyon taron sallamar wata shugabar makaranta nake son fitarwa, matar kuwa ƙarfe huɗu za ta zo karɓa. Ga shi har biyu ta gota.

"Yaya, me ka cusa wa kwamfutar nan?"

A shagonmu, Yayana ke ɗaukar bidiyo, ni ke tacewa. Yana bakin taga yana goge gilashin kyamara, ko ɗagowa bai yi ba.

"Yi duk dabarar da za ki yi, amma kar ki goge mini komai."

Waƙarsa ke nan kullum. Tun da na'urar da muke ajiye bidiyo a ciki ta faɗo daga tebur shekara uku da suka wuce, ta tafi da duk bidiyon marigayiya Mama, mutumin nan ko hoton da ya fito dishi-dishi ba ya yarda a goge. Ni ma rashin ya ci mini rai, amma ai shago ba juji ba ne.

Na kwashe ayyukan bara zuwa filashi. Wurin da na samu bai taka kara ya karya ba. Daga nan mamaki ya fara rinjayar haushina. Ayyukanmu gaba ɗaya ba su kai rabin cikin kwamfutar ba, to wa ya cinye sauran?

Na bi folda-folda ina duba nauyinsu, kamar mai neman ɓera a ɗakin ajiya. Can ƙasa na kama ɓarawon: foldar da manhajar tacewa ke zuba 'yan guntayen gwaji, waɗanda take yi wa kanta don kar hoto ya riƙa sarƙewa. Giga ɗari biyu da goma. Kowa a sana'ar nan share ta yake yi duk wata. Mu kuwa, albarkacin Yaya, ba a taɓa ba.

Na zaɓe su duka, yatsana na kan maɓallin gogewa, sai son sani ya riƙe mini hannu. Sunayen duk lambobi ne. Na buɗe ɗaya, ƙafafun wani ɗan ƙwallo. Na buɗe wani, rufin ɗaki kawai. Na gangara kan mafi tsufa.

Mama ce tana shanya, da zanen gado a kafaɗa. Ta juyo ta ga kyamara, ta faɗi wani abu, ta kai hannu ta rufe baki tana dariya. Daƙiƙa goma sha ɗaya, babu murya.

Ban san Yaya ya taso ba, sai na ji shi a bayana yana faɗa a hankali, daidai da motsin leɓenta: "Kai dai ba ka da aikin yi."

Na sake kunnawa. Kewarta ta taso mini sabuwa fil, har na daina ganin allon da kyau.

Yaya ya duba agogo, ya yi gyaran murya.

"Ki kwafe wannan, ki goge sauran. Matar nan na hanya."

"Miƙo katin kyamararka," na ce. "A kansa zan fitar da bidiyonta."

"Sauran fa?"

"Dubu huɗu ne da 'yan kai, uku kawai na buɗe. Jawo kujera."